Haƙurin da Ke Kai Mai Ciwon Daji Asibiti

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jarraba bayinSa da lafiya da rashinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, zan fara da wani kuskure nawa, domin shi ne dalilin wannan rubutu.

Wasu shekaru da suka wuce, bayan sallar Asuba a masallacin unguwarmu ta Ƙauyen Alu, wani dattijo ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso kusa da ni ya sassauta murya. Ya ce iyalinsa ta daɗe da daina al'ada, sai ga shi kwanan nan jini ya dawo mata, yana zuwa yana ɗaukewa. Tambayarsa ita ce: ta yi salla ko ta bari? Na yi masa 'yan tambayoyi game da shekarunta da kwanakin jinin, sannan na ce masa wannan jinin ciwo ne, ba ya hana salla, ta tsarkake jikinta ta yi sallarta. Ya yi godiya ya tafi, ni kuma na koma kan lazimina ina ganin na sauke nauyi.

Ba a cika shekara ba na tsaya a gaban gawar wannan baiwar Allah ina jan sallar jana'izarta. A wurin zaman makoki na ji cewa ciwon daji ne na bakin mahaifa, kuma lokacin da aka kai ta asibiti ya riga ya ci jikinta. Da bakina na furta kalmar ciwo a wancan Asuba, amma ban ƙara da cewa a kai ta ga likita ba. Ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan na yi imani da shi. Sai dai na san cewa an yi mini tambaya mai amsa biyu, na ba da guda na riƙe guda. Ina roƙon Allah Ya gafarta mini, Ya jiƙanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusancin wurin. Daga Ƙauyen Alu zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita sahu. Mutane suna tasowa daga Jigawa da Katsina da Bauci, har daga Jamhuriyar Nijar, su zo wannan asibiti; masu jinyarsu suna salla tare da mu a masallatan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Mu da muke maƙwabtaka da shi kuma sai mu isa a makare. Talauci yana da nasa kaso mai girma, zan kuma zo kansa. Amma na lura akwai wasu kalmomi huɗu na addininmu da tarbiyyarmu, kyawawa a asalinsu, da muka ɗora su a inda ba muhallinsu ba, har suka zama sarƙa a ƙafar majinyaci: tawakkali, kunya, rufin asiri da haƙuri. Ra'ayina shi ne, idan muka mayar da kowace muhallinta, su ne za su kai mara lafiya asibiti da wuri, su ne kuma za su riƙe shi da mai jinyarsa har ƙarshen al'amarin, ko waraka ko ajali.

Kafin nan, ya kamata mu san abin da muke magana a kansa. Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda suke rabuwa su hayayyafa bisa ƙa'ida, su mutu idan lokacinsu ya yi. Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, yana farawa ne idan wasu daga cikin ƙwayoyin nan suka saɓa ƙa'idar, suka yi ta hayayyafa babu tsayawa. Da farko suna taruwa wuri guda su zama ƙari. Idan aka bar su sai su bi hanyoyin ruwan jiki zuwa kaluluwar da ke kusa, kamar ta hammata ga ciwon mama, daga nan su bi jini zuwa hanta ko huhu ko ƙashi. Shi ya sa likitoci suke kasa shi mataki huɗu. A matakan farko ana iya yanke shi a raba shi da jiki. A na huɗu galibi sai dai a rage masa ƙarfi a sauƙaƙa raɗaɗi. Ba a ɗaukarsa ta hanyar cin abinci tare, ko gaisawa, ko zama ɗaki guda.

Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa a Najeriya mutum kimanin 127,000 ne suka kamu a wannan shekara, kusan 80,000 kuma suka rasu. Na mama ne a kan gaba da sama da 32,000, sai na furostet, wato 'yar ƙabar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, sai na bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu arziki, fiye da kashi 90 cikin 100 na matan da aka gano suna da ciwon daji na mama suna nan da ransu bayan shekara biyar, alhali a Afirka ta Kudu adadin bai wuce kashi 40 ba. Cutar guda ce. Babban abin da ya raba su shi ne lokacin da aka gano ta da kuma samun magani.

Mu fara da tawakkali. Sau da yawa idan aka ce wa mutum ya je a duba shi, sai ya ce ya bar wa Allah. Wani kuma ya ce daji ba ya son ƙarfe, da zarar wuƙar likita ko allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wannan magana ta biyu tana da mafari da za a iya fahimta: mutanenmu sun saba ganin wanda aka yi wa tiyata ya rasu bayan 'yan watanni. Abin da ba su gani ba shi ne ya shekara biyu yana fama a gida kafin ya je. Wuƙar ta tarar da cutar ta riga ta bazu, sai aka ɗora mata laifin jinkiri. Ɗebe ɗan guntun tsoka a kai ɗakin gwaji shi ne hanyar tabbatar da ko ƙari daji ne ko ba shi ba ne, kuma mafi yawan ƙullutun da mata ke ji a mama ba daji ba ne. Wadda ta ƙi gwaji tana iya kwana da fargabar abin da ba ta da shi, ko ta yi sakaci da abin da take da shi.

Magabatanmu sun riga mu sanin wannan. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan tiyata na Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayani a littafinsa At-Tasrif cewa ana cire wannan ciwo ne idan yana ƙarami, a farkonsa, a wurin da za a iya tumɓuke shi gaba ɗaya kamar mama. Ya kuma yi iƙirarin cewa wanda ya daɗe ya girma bai taɓa warkar da shi ba. Shekara dubu ke nan da wannan magana. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai kan magunguna, har da na ciwon ido da na basir, bai ga hakan ya rage masa tawakkali ba. Hadisai ingantattu sun zo da umarnin neman magani. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa wata gaɓa ko nakasa. Ciwon daji da aka gano da wuri yana shiga cikin wannan hukunci kai tsaye.

Ban ce a bar addu'a da ruƙiyya ba, Allah Ya tsare. A karanta wa majinyaci Alƙur'ani, a tofa masa, ya sha zamzam, ya yawaita sadaka. Duk wannan ana yinsa a gadon asibiti kamar yadda ake yinsa a gida. Abin da nake ƙi shi ne a ce sai an gama wata shida ana jiƙe-jiƙe da hayaƙi tukuna, a sayar da akuya da keken ɗinki a kai wa mai magani da ya rantse cewa jifa ne, sai kuɗi sun ƙare mama ya fashe sannan a tuna da asibiti. Duk wanda ya karɓi kuɗin mai ciwon daji ya hana shi zuwa gwaji, ya ji tsoron tsayuwarsa a gaban Allah, ko da ayoyi yake karantawa. Wanda kuma yake shan wani sassaƙe ko haɗin gargajiya tare da maganin asibiti, ya gaya wa likitansa, domin wasu suna wahalar da hanta da ƙoda a lokacin da jiki ya fi buƙatarsu.

Kalma ta biyu kunya. Kunya ado ce, reshe ce ta imani, ba na fatan ranar da za ta bar gidajenmu. Amma cututtukan daji uku da suka fi yawa a ƙasar nan duk suna kama wuraren da muke jin nauyin ambata. Mace za ta ji ƙullutu a mama ta yi shiru, ko ta ga fatar wurin ta canza, ko ruwa mai jini yana fita daga kan nono. Wata tana ganin jini bayan saduwa, ko bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani. Dattijo yana tashi fitsari sau biyar a dare, yana fita da ƙyar, wani lokaci da jini, ya kasa gaya wa ɗansa. Wani yana ganin jini a bayan gida ya ce basir ne, ya yi ta sayen magani a kemis yana ramewa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matan Ansar sun sami yabo daga Uwar Muminai A'isha (RA) saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba, har da hukuncin jini. Shari'a ta halatta buɗe al'aura ga likita gwargwadon buƙata. A nemi likita mace ga mace idan akwai, idan babu larura ta halatta namiji, tare da miji ko muharrami ko wata amintacciya.

Nan ne nake kira ga 'yan'uwana limamai da malaman Islamiyya, maza da mata. Sau da yawa mu ne farkon masu jin alamomin nan, domin suna zuwa mana a rigar tambayar fiƙihu: hukuncin jinin da ya ƙi tsayawa, hukuncin ɗigon fitsari, yadda za a yi wanka da gyambon da ya ƙi warkewa. Mu ba da hukuncin, sannan mu ɗora da cewa a je asibiti cikin makon nan, mu kuma sake tambaya idan mun haɗu. Mu gaya wa iyaye cewa ciwon daji na bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke haddasa kusan dukkansa, cewa mace mai kamun kai tana iya samunta a ɗakin aurenta, don haka ba hujjar zargi ba ce; kuma tun Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta, Kano tana cikin jihohin farko. Haka rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai yana kare su daga babban sanadin dajin hanta, kamar yadda guje wa gyaɗa da masarar da suka yi funfuna yake karewa.

Kalma ta uku rufin asiri. Idan sakamakon gwaji ya fito, abin da aka saba shi ne 'ya'ya da 'yan'uwa su ja likita gefe su ce kada a gaya masa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Niyyar tausayi ce, na sani. Amma mu duba abin da take haifarwa. Majinyaci yana ganin jikinsa yana narkewa, yana ganin ana yin shiru idan ya buɗe ido, kowa yana ce masa gyambon ciki ne. Ya san ana ɓoye masa wani abu, sai ya zama shi kaɗai a tsakiyar taro. Sannan ta yaya za a nemi yardarsa a yi masa tiyata ko a fara ƙarin ruwan magani alhali bai san me ake yaƙa ba? Waccan majalisar fiƙihu, a hukuncin da na ambata, ta sharɗanta izinin majinyaci matuƙar yana da cikakken hankali. Jikin nasa ne, amanar kuma a wuyansa take.

Akwai kuma haƙƙoƙin da ba mai sauke masa su sai shi. Bashin da ake binsa da wanda yake bi, ajiyar mutane da ke hannunsa, gonar da bai rubuta iyakarta ba, ɗan'uwan da suka shekara ba sa magana. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ya yi ciwo mai tsanani a Makka har ya zaci ajali ne. Da Manzon Allah (SAW) ya je duba shi, a fili suka tattauna wasiyya, aka tsayar masa da sulusin dukiyarsa. Sa'adu ya warke ya rayu shekaru masu yawa bayan haka. Maganar wasiyya ba ta kusantar da ajali. Abin da ake buƙata shi ne hikima wajen faɗa: a zaɓi wanda majinyaci ya fi natsuwa da shi, a zauna tare da likita, a faɗi gwargwadon abin da yake son ji, a bar masa ƙofar fata a buɗe ba tare da ƙarya ba. Rufin asiri na gaskiya shi ne kada a yaɗa cutarsa a majalisa da WhatsApp ba da izininsa ba, kada a ɗauki hotonsa yana cikin halin rauni a watsa da sunan neman taimako sai ya yarda.

Kalma ta huɗu haƙuri, ita ce muka fi yi wa nauyi. Muna shiga ɗakin majinyaci mu ce sai haƙuri, mu fita. Haƙuri a shari'a shi ne kame zuciya daga fushi da hukuncin Allah da kame harshe daga sukarsa. Bai hana hawaye ba, bai hana mutum ya ce yana jin zafi ba. Annabi Ayyuba (AS), wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kai kukansa ga Ubangijinsa. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim. Kada kuma wani ya zauna a gefen gado yana nuna wa majinyaci cewa zunubinsa ne ya jawo masa; Annabawa su ne suka fi kowa shan jarrabawa, kuma an yi wa mumini albishir cewa ciwo yana kankare masa kurakurai.

Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, ciwo ya ci ƙafarsa a zamanin Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, likitoci suka ce sai an yanke. Ya yarda aka yanke. Wannan shi ne haƙurin da nake nufi, wanda yake miƙa gaɓa domin a ceci sauran jiki. Matar da aka ce za a cire mata mama ta tuna da shi. An ruwaito cewa ya ƙi shan abin da zai gusar masa da hankali lokacin yankan. Wannan zaɓinsa ne da ƙarfin halinsa, bai zama wajibi a kan kowa ba. Malamai sun halatta maganin sa barci don tiyata, da magunguna masu ƙarfi na kashe raɗaɗi irin su mofin idan likita ya rubuta. Barin mai ciwon daji yana murƙususu dare da rana saboda tsoron kada a ce ya sha ƙwaya zalunci ne. Wanda raɗaɗi ya lafa masa shi ne yake iya yin salla da zikiri da sallama da iyalinsa.

Ya kai majinyaci, addininka ya sauƙaƙa maka. Imrana ɗan Husaini (RA) ya yi fama da basir, aka ba shi izinin yin salla a zaune idan tsayuwa ta gagara, ko a kishingiɗe idan zaman ma ya gagara. Idan ruwa zai cutar da kai ko ba ka iya kaiwa gare shi, ka yi taimama. Idan an sa maka robar fitsari ko jakar bayan gida, hukuncinka hukuncin mai yoyon da ba ya iya riƙewa ne, sallarka ingantacciya ce. Idan likita ya ce azumi zai cutar da kai a lokacin magani, ka sha ka rama bayan sauƙi ya samu. Zubewar gashi da tashin zuciya da kasalar da ƙarin ruwan maganin daji ke kawowa masu wucewa ne, gashin yana dawowa. Maganin galibi zagaye-zagaye ake yinsa, sau da yawa duk bayan mako uku. Kada ka tsaya a tsakiya don ka ji sauƙi ko don ka ji wuya. Idan akwai abin da ya gagare ka, ka gaya wa likita.

Yanzu ga mai jinya, musamman miji. Al'ada ta zaunu a garin nan cewa idan ciwon mace ya yi tsawo sai a ce ta tafi gida jinya, wani lokaci takardar saki ta biyo baya. Wasu suna kafa hujja da cewa littattafan mazhabarmu ba su sanya kuɗin magani cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji ba. Gaskiya ne haka ya zo a mashahurin zance. Amma an rubuta wannan ne a zamanin da magani yake abu mai sauƙi wanda ba a dogara da shi sosai ba. Malaman zamani irin su Shaihu Wahbatuz Zuhaili sun tafi a kan cewa a yau magani yana matsayin abinci da tufafi, don haka yana kan miji gwargwadon ikonsa, kuma wannan ne nake ganin ya dace da umarnin zama da mata da kyautatawa. Usmanu ɗan Affan (RA) bai halarci yaƙin Badar ba saboda yana jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW), aka kuma ba shi lada da rabon wanda ya halarta. Jinyar mace guda aka auna da Badar. Wanda ya ci ƙuruciyar mace da lafiyarta shekara ashirin, sannan ya mayar wa tsohon ubanta ita ranar da aka cire mata mama, ya tanadi amsar da zai bayar.

Mai jinya shi ma mutum ne. Galibi mace guda ce ake bar wa komai, 'ya ko ƙanwa ko uwa, ita ce wanki da goge jiki da bin layin kati da kwana a zaune. A yi mata karɓa-karɓa, a bar ta ta yi barci, a tambaye ta lafiyarta. Idan wata rana ta gaji har ta yi kuka ko ta yi tsaki, ba ta fita daga sahun masu haƙuri ba. Masu dubiya kuma mu gyara. Maganin daji yana raunana garkuwar jiki, don haka mai mura ko tari ya yi dubiyarsa ta waya. A taƙaita zama, a wanke hannu, a daina ba da labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe, a daina zuwa da sunan sabon mai magani kowace rana. Tambayar me ake buƙata gobe ta fi jakar lemo amfani: wa zai kai yara makaranta, wa zai raka shi asibiti, wa zai ba da jini.

Sai batun kuɗi, wanda ba wa'azin da zai kawar da shi. Gwaje-gwaje da tiyata da magani suna cinye abin da gida ya tara shekaru. Gashi da na'ura ana yinsa kwana biyar a mako har tsawon makonni, kuma shekara da shekaru mutanen Kano suna tafiya Shika ko Sakkwato ko Abuja dominsa, ga kuɗin mota ga na masauki. A Janairun 2023 an buɗe cibiyar kula da ciwon daji a Giginyu. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama da bakin mahaifa da furostet a asibitoci shida, na yankinmu shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mai jinya ya nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin da yake ya tambayi tallafin da ake da shi, kada ya ji nauyi. Haƙƙin hukuma ne ta faɗaɗa irin wannan, haƙƙinmu ne mu riƙa tuna mata.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Majinyacin da magani ya talauta faƙiri ne, wanda ya ci bashi don jinya yana cikin mabarta, dukkansu sun cancanci zakka. A masallacin Annabi (SAW) aka kafa hemar Rufaida (RA) inda ta yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 da waƙafi yake kula da mutane ba tare da karɓar kuɗi ba. Mu da Allah Ya sa muke maƙwabtaka da Asibitin Malam, me zai hana kowane masallacin Juma'a a Tarauni ya ware tarin Juma'a guda a wata domin masu doguwar jinya, a hannun amintattu uku, da rasit, a biya kai tsaye a wurin magani ba tare da an tsayar da mutum a gaban sahu yana roƙo ba? Me zai hana mai gidaje goma ya yi waƙafin ɗaki biyu domin baƙin da suke kwana a baranda suna jiran ranar ganin likita? Me zai hana matasan masallaci su rubuta sunayensu da rukunin jininsu? Muna ƙawata masallatai da tayil da fitilu, alhali a bayan katangarsu akwai wadda ta dakatar da magani a zagaye na uku saboda kuɗin na huɗu.

Wani lokaci kuma, bayan an yi duk abin da ake iyawa, likita zai ce babu sauran waraka a hannunsa. Nan ma aiki bai ƙare ba. A ci gaba da kashe raɗaɗi, a tsaftace gyambo, a riƙa juya shi don kada kwanciya ta ci bayansa, a jiƙa masa leɓe, a zauna kusa da shi. A ƙarfafa masa kyautata zato ga Ubangijinsa, a tuna masa alheran da ya aikata, a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali ba tare da matsawa ba. Iyalin da suka yi haka ba su gaza ba. Sun raka ɗan'uwansu har bakin ƙofa.

Wancan dattijo yana nan, muna haɗuwa a sahu. Bai taɓa zargina ba, ni ma ban taɓa tayar masa da maganar ba. Amma tun daga ranar jana'izar matarsa, duk wanda ya tambaye ni hukuncin jini ko fitsari ko gyambo, ba na barinsa ya tashi sai na ce masa yaushe za ku je asibiti.

Ya Allah, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka sa ciwonsu ya zama kaffara, Ka ƙarfafi masu jinyarsu, Ka saka wa likitoci da ma'aikatan jinya da alheri, Ka jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.